Layin Dogo na Woodhead: Hanyar da Aka Yanke Tsakiyarta

Duk wanda ya shiga jirgin ƙasa yau daga tashar Piccadilly a birnin Manchester ya nufi gabas, zai ga jirgin ya tsaya cik a wani ɗan gari mai suna Hadfield. Dogo ya ƙare a nan. A dā kuwa hanyar takan zarce, ta ratsa duwatsun Pennine, ta ɓulle Sheffield, garin maƙeran ƙarfe. Wannan shi ne layin Woodhead.

An buɗe shi a shekarar 1845, bayan an haƙa rami mai tsawon mil 3 a ƙarƙashin dutse. Leburorin da suka yi aikin sun zauna a bukkoki bisa tsauni, cikin sanyi da ruwan sama, kuma kusan mutum 30 suka rasa rayukansu, ban da waɗanda suka naƙasa. Edwin Chadwick, wani mai fafutukar kyautata lafiyar jama'a, ya yi lissafi ya nuna cewa haɗarin wannan aiki ya fi na sojan da ya je yaƙin Waterloo. Maganar ta kai Majalisar Dokoki ta kafa kwamitin bincike a 1846, amma ba a ga wani canji nan take ba. Da aka zo haƙa rami na biyu, cutar kwalara ta ɓarke a 1849, ta kashe mutum 28.

Babban aikin layin shi ne jigilar kwal daga ma'adinan Yorkshire zuwa masaƙu da masana'antun Lancashire. Direbobi sun sha wuya ƙwarai, domin hayaƙin injin yakan cika ramukan nan masu ƙunci har numfashi ya gagara. Saboda haka aka haƙa rami na uku mai faɗi, aka sa wa layin lantarki, aka buɗe a 1954, aka kuma ƙera masa injuna a Gorton, cikin Manchester.

To, a nan abin mamakin yake. Shekara 16 kacal bayan wannan ɗawainiya, a watan Janairu na 1970, aka daina ɗaukar fasinja tsakanin biranen biyu ta wannan hanya, aka karkatar da su ta kwarin Hope, inda akwai ƙauyukan da ba su da wata madogara sai jirgi. Irin lantarkin da aka sa, mai ƙarfin bolt 1,500, shi ma ya zama tsohon yayi, don hukumar reluwe ta zaɓi na 25,000 ga sauran manyan layuka. Kwal ya ja baya. A watan Yuli na 1981 jirgin kaya na ƙarshe ya wuce. A ganina an yi gaggawa, ganin yadda motoci ke cunkushewa yau a hanyar da ke bin wannan kwari.

Mutanen Zariya da Jos sun san irin wannan rashi, tun da aka rufe ƙaramin dogon da ya haɗa garuruwansu a 1957. Sai dai Woodhead bai mutu duka ba. Guntun da ke tsakanin Manchester da Hadfield da Glossop yana aiki, an kuma sauya masa lantarki a 1984. Inda aka ɗebe dogo a kwarin Longdendale ya zama hanyar masu tafiya a ƙasa da masu keke. Ramin 1954 kuwa, manyan wayoyin lantarki ne aka shimfiɗa a cikinsa, abin da ya sa maido da jirgi ta nan zai yi wuya ainun.