Tashin Farashin Man Fetur na Shekarar 1973 da Gardamar Musabbabinsa

Ran 16 ga watan Oktoba, 1973, wakilan ƙasashe shida na yankin Tekun Farisa, watau Saudiyya da Iran da Iraƙi da Kuwait da Ƙatar da Abu Dhabi, suka taru a birnin Kuwait, suka ɗaga farashin gangar ɗanyen mai daga dala 3.01 zuwa dala 5.12. Wannan ne karo na farko da ƙasashen suka yanke farashi su kaɗai, ba tare da neman yardar kamfanonin Turawa masu haƙo man ba. Kafin shekarar ta ƙare suka sake zama a Tehran, suka mai da shi dala 11.65. Watau cikin wata uku farashin ya ninka kusan sau huɗu. A Amurka masu motoci suka yi ta bin dogon layi a gidajen mai, gwamnati ta hana gudun da ya wuce mil 55 a awa. A Holan da Jamus ta Yamma aka hana fita da mota ran Lahadi, har yara suka riƙa yawo da kekuna a kan manyan tituna.

Tun daga wancan lokaci ake gardama a kan abin da ya haddasa wannan al'amari. Amsar da ta fi yaɗuwa, wadda ɗalibi zai fara cin karo da ita, ita ce takunkumin Larabawa. Ran 6 ga Oktoba, wanda ya yi daidai da 10 ga Ramadan, Masar da Siriya suka kai wa Isra'ila hari don su ƙwato ƙasarsu da aka cinye a yaƙin 1967. Ran 17 ga wata ƙasashen Larabawa masu mai suka yi shawarar rage haƙo da kashi 5 cikin 100 kowane wata har sai Isra'ila ta janye. Da Shugaba Nixon ya nemi majalisarsa ta ba Isra'ila taimakon dala miliyan dubu 2.2, Sarki Faisal na Saudiyya ya hana sayar wa Amurka mai ɗungum, daga baya hanin ya haɗa da Holan da Fotugal da Afirka ta Kudu da Rodeshiya. Duk wannan gaskiya ne, ba mai musunsa. Amma akwai abubuwa da amsar ba ta iya warwarewa.

An janye takunkumin daga kan Amurka ran 18 ga Maris, 1974, farashi kuwa ko gezau bai yi ba. In takunkumi ne ya ɗaga shi, me ya hana shi sauka da aka janye? Har ila yau, mutumin da ya fi kowa matsawa a taron Tehran a kai farashi sama shi ne Sarkin Iran, Muhammad Riza Pahlawi, wanda ba Balarabe ba ne, bai shiga takunkumin ba, kuma babban aminin Amurka ne. Ministan man Saudiyya, Shaikh Ahmad Zaki Yamani, wanda ƙasarsa ta jagoranci takunkumin, shi ne ma mai neman a sassauta. Sa'an nan, ba wannan ne takunkumi na farko ba. Larabawa sun gwada shi a 1967, ya watse cikin wata uku ba tare da ya taɓa aljihun kowa ba. Lalle akwai abin da ya canja tsakanin 1967 da 1973, kuma a nan ne mai neman gaskiyar maganar ya kamata ya dakata.

Sai an koma baya kaɗan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan kamfanoni bakwai ne ke riƙe da mafi yawan man da ake ciniki tsakanin ƙasashe: Esso, Mobil, Socal, Texaco da Gulf na Amurka, sai BP na Ingila, da Shell na Ingila da Holan. Su ke haƙowa, su ke dako, su ke tacewa, su ke sayarwa. Su ne kuma ke rubuta farashin takarda, watau farashin da ake lissafta harajin ƙasa mai mai a kansa. Wanda ya nemi ja da su ya ga abin da ya sami Firayim Ministan Iran, Muhammad Musaddiƙ, wanda ya mai da man ƙasarsa mallakar gwamnati a 1951, aka ƙaurace wa man, aka kuma tumɓuke shi a 1953 da hannun Amurka da Ingila. A 1959, da kuma Agustan 1960, kamfanonin suka rage farashin takarda ba tare da sun tuntuɓi kowa ba. Gwamnatin da ta tsara kasafin kuɗinta a kan wani lissafi sai ta wayi gari an zaftare mata kuɗin shiga daga wani ofis a Landan ko New York. Haushin wannan ne ya sa aka kafa Ƙungiyar Ƙasashe Masu Fitar da Man Fetur, OPEC, a Bagadaza cikin Satumba 1960, bisa himmar Juan Pablo Pérez Alfonzo na Benezuwela da Abdullahi Tariki na Saudiyya.

Shekara goma ƙungiyar ba ta tsinana wani abin kirki ba, in ban da hana a sake rage farashi. Ganga ta tsaya a dala 1.80 tun daga 1960 har 1970, alhali kuɗin kayan masana'antun Turai na ta hawa. Dalili kuwa shi ne mai ya yi yawa a kasuwa, kuma Amurka tana da rijiyoyin da take iya ƙara buɗewa duk sa'ad da aka sami giɓi. Da su ta karya takunkumin 1967. To, amma arahar mai ta sa duniya ta yi ta sha ba ƙaƙƙautawa. Masana'antu da gidajen wutar lantarki na Turai da Japan suka bar kwal suka koma mai, motoci suka yawaita, har bukatar ƙasashen da ba na gurguzu ba ta ninka fiye da sau biyu tsakanin 1960 da 1972. A 1970 haƙon Amurka ya kai iyakarsa ya fara ja da baya. A 1972 hukumar da ke ƙayyade haƙo a Jihar Texas ta ba kowace rijiya izinin fitar da duk abin da za ta iya, abin da ke nufin rumbun ajiya ya ƙare. Tun bazarar 1973, watanni kafin a harba harsashi ko ɗaya a Sina'i, gidajen mai da dama a Amurka sun fara ƙayyade abin da suke sayar wa kowace mota.

Wanda ya fara gane cewa ma'auni ya juya shi ne Kanar Mu'ammar Gaddafi, wanda ya karɓi mulkin Libiya a Satumba 1969. Mashigin Suwez na rufe tun 1967, bututun da ke ɗauko man Saudiyya zuwa Bahar Rum ya fashe a Siriya cikin Mayu 1970, saboda haka man Libiya, da ke dab da Turai, ya yi daraja. Gwamnatinsa ba ta tunkari manyan kamfanoni ba. Ta zaɓi Occidental, wanda kusan duk arzikinsa a Libiya yake, ta tilasta masa rage haƙo har ya miƙa wuya a Satumba 1970, ya yarda da ƙarin farashi da ƙarin haraji. Sauran kamfanoni suka bi, sauran ƙasashe kuma suka ce abin da aka yi wa Libiya a yi musu. Daga nan aka sami yarjejeniyar Tehran ta Fabrairu 1971 da ta Tarabulus ta Afrilu, Aljeriya ta karɓe kashi 51 cikin 100 na kamfanonin Faransa, Iraƙi ta ƙwace babban kamfanin man ƙasarta a 1972. Zaman da aka yi da kamfanoni a Biyana ran 8 ga Oktoba 1973, inda OPEC ta nemi a ninka farashi kamfanoni suka tsaya a ƙarin kashi 15 cikin 100, tun watan Satumba aka sa ranarsa. Ko da yaƙi ko babu, farashi na kan hanyar tashi.

Ƙasashe masu mai suna da tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce. Da dala ake biyansu, ran 15 ga Agusta 1971 kuwa Nixon ya soke alkawarin musanya dala da zinariya a kan dala 35 kowane oza. Aka karya darajar dala a Disamba 1971, aka sake karyawa a Fabrairu 1973, kafin tsakiyar shekarar zinariya ta haura dala 100. Sarkin Iran ya sha nanata cewa waɗanda suka tsauwala kuɗin alkama da sukari da siminti da suke sayar masa ba su da bakin kuka in ya ƙara kuɗin mai. Masana tattalin arziki na baya, irin su Robert Barsky da Lutz Kilian, sun ƙarfafa wani ɓangare na wannan magana. Sun nuna cewa kuɗin da manyan bankunan ƙasashen Yamma suka saki ya riga ya tayar da farashin ƙarafa da hatsi da sauran ɗanyen kaya tun 1972, mai ne kawai yarjejeniyoyi suka danne, da ya sami kafa sai ya yi tsalle ya cim musu.

Talakan Amurka kuwa ba OPEC ya fi zargi ba, kamfanonin ƙasarsa ya zarga. Jita-jita ta bazu cewa jiragen dakon mai na tsaye a bakin teku suna jiran farashi ya ƙara hawa. Da aka bayyana cewa ribar Exxon, watau tsohon Esso, ta 1973 ta kai dala miliyan dubu 2.4, ƙarin kusan kashi 60 cikin 100, Sanata Henry Jackson ya kira shugabannin kamfanonin gaban kwamitin majalisa a Janairu 1974 ya zazzage su a idon duniya. Bincike bai tabbatar da cewa su suka ƙulla ƙarancin ba, ƙarar da hukumar kula da ciniki ta shigar a kan takwas daga cikinsu a 1973 kuma an janye ta a 1981. Abin da ya tabbata shi ne faɗuwa ta zo musu daidai da zama. Su ne ma suka raunana takunkumin, domin sun riƙa karkatar da man Iran da na Nijeriya zuwa Amurka da Holan, su kai na Larabawa inda ba a hana ba. Abin da duniya ta rasa a lokacin da abin ya fi tsanani bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Tsoro ne ya cike sauran: a gwanjon da Iran ta yi a Disamba, masu saye da suka firgita sun taya ganga har dala 17, wannan ne kuma ya ba Sarkin Iran hujjar da ya shiga taro da ita.

Akwai masu ɗora laifi a kan gwamnatin Amurka kanta, ta fuska biyu. Masu ra'ayin sakin kasuwa sun ce dokar ƙayyade farashi ta 1971 da tsarin rabon mai da ma'aikatan gwamnati suka yi bisa lissafin shekarar da ta wuce su suka haifar da layuka, gama ƙasashen da suka bar farashi ya tashi sun sha tsada amma ba su sha irin wannan layi ba. Wannan magana tana da ƙarfi, sai dai bayanin layi take yi, ba bayanin tsada ba, abubuwa biyu da ake yawan cuɗawa. Farfesa Morris Adelman na jami'ar MIT ya tafi nesa da haka. Tun 1972 yake cewa babu wani ƙarancin mai a ƙarƙashin ƙasa, tunda haƙo ganga a Tekun Farisa bai wuce 'yan santi ba, kuma Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ce ta sassauta wa OPEC har ta yi ƙarfi. Yamani kansa, a wata hira da jaridar Observer a 2001, ya ce ya yi imani Amurka ce ta zuga Sarkin Iran. Babu takardar da ta tabbatar da haka, kuma wanda ya kasa shawo kan abokin zamansa a taro ba ya rasa wanda zai nuna wa yatsa. Laifi tudu ne.

Nijeriya ta shiga OPEC a Yuli 1971. Ba ta shiga takunkumin ba, ko da yake ta yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila a Oktoba 1973, kuma tana haƙo ganga wajen miliyan 2 a rana lokacin da farashi ya ninka. Kuɗi suka kwararo wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon. Aka biya ƙarin albashin Udoji da bashin watanni a farkon 1975, aka yi odar siminti har jirage ɗaruruwa suka toshe tashar Ikko. Ma'aikata suka sayi motoci da babura, alhali matatar mai ɗaya tak ƙasar ke da ita, ta Fatakwal, wadda aka buɗe a 1965. Sai ga ƙasa mai sayar wa Amurka mai tana fama da layin fetur a Kano da Ibadan, har aka naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Oputa a 1975, aka kafa asusun daidaita farashi don kada mutumin Maiduguri ya biya fiye da na Ikko. Matatar Warri ta zo a 1978, ta Kaduna a 1980. Nijar kuwa, mai sayen mai daga waje, tsadar ta same ta tana tsakiyar fari da yunwa.

Gwaji na ƙarshe ga masu cewa OPEC ce ke yanka farashi yadda ta ga dama ya zo bayan shekara goma sha biyu. Juyin juya halin Iran na 1979 da yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 sun kai ganga dala 34. Tsadar ta sa masu saye suka tsuke, aka koma kwal da nukiliya, aka ƙera ƙananan motoci, man Tekun Arewa da Alaska da Meziko ya shigo kasuwa. Saudiyya ta yi ta rage haƙonta don ta tokare farashi, daga ganga wajen miliyan 10 a rana a 1981 zuwa ƙasa da miliyan 3 a tsakiyar 1985, yayin da wasu 'yan ƙungiyar ke sayarwa ta bayan fage. Da ta gaji ta buɗe famfo, farashi ya faɗi ƙasa da dala 10 a 1986, aka sallami Yamani a Oktoban shekarar. A wannan shekara ce kuma, da ɗanyen mai ya yi arahar da rabon a ga irinta tun 1973, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, wadda baitulmalinta ya bushe, ta ɗaga litar fetur daga kwabo 20 zuwa kwabo 39.5.