"Masu Tonon Dankali": zanen Paul Henry na manoman yammacin Ayaland

"Masu Tonon Dankali" zanen fenti ne da Paul Henry ya yi a shekarar 1912, yana ajiye a babban gidan zane-zane na ƙasar Ayaland da ke birnin Dublin. Mutum biyu ne a cikinsa suna aiki a gona, bayansu dutse da gajimare mai cika sama. Jan tufafi irin na matan yankin ne ke fara ɗaukar ido.

An haifi Henry a Belfast a 1876, ya rasu a 1958. A Faris ya koyi sana'ar, inda ayyukan Jean-François Millet, mai zanen manoman Faransa, suka shige shi sosai. Ana ganin haka a yadda yake zana mutum a duƙe, fuska a ɓoye. A 1910 ya je tsibirin Achill da ke gundumar Mayo tare da matarsa Grace, ita ma mai zane. Hutu ya kai su, amma sai da suka zauna har 1919.

Ƙasar Achill ba ta da albarka: duwatsu, fadama mai tsami, ga iskar teku ba dare ba rana. Manoma kan tada manyan kunyoyi da shebur, su zuba ciyawar teku a matsayin taki, su shuka dankalin turawa. Shi ne abincin gida. Lokacin da cuta ta lalata shi tsakanin 1845 da 1852, kimanin mutum miliyan 1 yunwa da cututtuka suka kashe a Ayaland, fiye da miliyan 1 kuma suka yi hijira, kuma Mayo na cikin inda abin ya fi muni. A zamanin Henry ma gonar ba ta ciyar da iyali shekara guda, shi ya sa maza da matasa ke tafiya cin rani Ingila da Sukotilan, da yawansu tonon dankalin wasu, aikin gida ya koma hannun mata da tsofaffi. Duk wanda ya san garin da ke yin wayam bayan girbi zai gane zanen nan da nan.

Daga baya mutane sun riƙa ɓacewa daga zanen Henry, ya rage duwatsu, tabkuna da fararen bukkoki masu rufin ciyawa. Waɗannan ne suka yi kasuwa. Kamfanonin jirgin ƙasa sun buga su a allunan talla a shekarun 1920, daidai lokacin da sabuwar ƙasar da ta samu ƴanci daga Birtaniya a 1922 ke neman hoton da za ta nuna wa duniya. Masu suka na cewa ya ƙawata talauci don masu yawon buɗe ido. Zargin ya fi kama zanensa na baya. A na 1912 wahalar aikin tana nan a fili.