Ruwa da Inuwa a Tarihin Ginin Tamale

Tamale, wadda ke arewacin Ghana, ta faro ne daga wasu ƙauyukan Dagomba a ƙarƙashin masarautar Dagbon, wadda fadarta ke Yendi. Gidan wancan zamani ɗakuna ne zagayayyu na laka da jinka, katanga ta haɗa su, ana shiga ta babban zaure. Gonaki ne suka kewaye gidajen, kuma mai sassabe ba ya taɓa kaɗanya ko ɗorawa; ɗorawa ma tana da sarkinta mai kula da girbinta. Akwai kuma kurmin tsafi da gatari ba ya shiga, irin na Malshegu da ke kusa da garin.

A 1907 Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatar Yankunan Arewa daga Gambaga suka kawo Tamale, a zamanin Kwamishina Watherston. Suka yanka tituna masu faɗi, suka ware unguwarsu daban, fatake Hausawa da Mosawa kuma suka kafa zangonsu. Wurin ya dace da mulki da fatauci, amma bai dace da ruwa ba. Babu kogi a kusa, dutsen da ke ƙarƙashin ƙasar ba ya riƙe ruwa, rijiyoyi kan ƙafe da rani, damina kuma ɗaya ce, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Don haka aka dogara da ƙananan madatsu masu tare ruwan sama, irin na Builpela, har zuwa 1972 da aka gina matatar Dalun mai janyo ruwa daga kogin Farin Bolta a Nawuni. An faɗaɗa ta a 2008, amma yawan jama'a ya sha kanta, shi ya sa tankar ruwa da jarka ba su bar unguwanni ba.

Ta fuskar inuwa an fi dacewa. Dogon yaro, wanda ake danganta shigowarsa ƙasar da Gwamna Guggisberg (1919 zuwa 1927), da maɗaci su aka jera a bakin tituna, kuma a ƙarƙashinsu mai gyaran keke da mai abinci suke yini. Keke ma ya samu gata, domin manyan titunan garin suna da hanyarsa ta musamman, abin da ba kasafai ake gani a biranen Afirka ta Yamma ba.

Da garin ya bunƙasa, har ya zama babban birni a hukumance a 2004, bulon siminti da kwano suka ture laka da jinka. Sun fi ƙarko, sai dai ɗakinsu ba ya kwantuwa da zafin Maris. Gonaki suka koma filoti, kaɗanya ta tafi gawayi, gine-gine suka matse lambunan Gumbihini.

Masu neman gyara sun fito daga fannoni daban-daban. Jami'ar Nazarin Ci Gaba, wadda aka kafa a 1992, da cibiyar binciken noma ta Nyankpala suna nazarin ƙasa, ruwa da itatuwan yankin. Mai fasaha Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale, ya buɗe cibiyar fasaha ta SCCA a 2019, sannan Red Clay a 2020, wadda aka gina da jan bulo na ƙonanniyar laka. A 2021 ya buɗe Nkrumah Volini a wani rumbun siminti na zamanin Shugaba Nkrumah da aka yi watsi da shi bayan juyin mulkin 1966, ya gyara shi ba tare da ya kori jemagun da suka mayar da shi gida ba.