Tsutsar Masara: Daga Jojiya Zuwa Gonakin Pauwa

A shekarar 1797 wani masani ɗan Ingila, James Edward Smith, ya fitar da littafi kan ƙwarin jihar Jojiya ta Amurka, bisa zanen da John Abbot ya yi. A ciki akwai wani ɗan malam-buɗe-littafi mai yawon dare, toka-toka, wanda faɗin fukafukansa bai fi santimita 4 ba. Masana na kiransa Spodoptera frugiperda. Sama da shekara 200 bai bar nahiyar Amurka ba, kuma ko a can sanyi na taka masa birki: a arewacin nahiyar yakan mutu da hunturu, sai a wurare masu ɗumi irin Florida da kudancin Texas yake rayuwa.

A watan Janairun 2016 aka ga wata tsutsa na cinye masara a kudu maso yammacin Nijeriya, har da gonakin cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan. Da farko an zaci 'yar'uwarta ce ta Afirka, wadda aka saba da ita. Wani masani, Georg Goergen, da abokan aikinsa suka duba siffar uwar, suka gwada ƙwayoyin halittarta, suka tabbatar baƙuwa ce daga Amurka, wato tsutsar wancan malam-buɗe-littafin. Kafin ƙarshen 2017 ta game yawancin Afirka, a 2018 aka same ta a Indiya, a 2020 a Ostireliya. Ba abin mamaki ba ne ga halittar da kan yi tafiyar kilomita 100 a dare guda, mace ɗaya kuma ta zuba ƙwai fiye da 1,000.

Ƙasar Faskari da Sabuwa da Kankara, inda Pauwa take, ƙasar masara ce, don haka baƙuwar ta tarar da tuwo a dafe. Manomi a nan ya daɗe da sanin tsutsar da ke huda kara. Da ya ga ganye ya yi ramuka, sai ya ɗauka ita ce, ya yi feshi sama-sama. Ita kuwa wannan tana can ƙunshe cikin zuciyar masara, inda ganye bai gama buɗewa ba, maganin bai kai gare ta ba. Kuɗi ya tafi, tsutsa na ƙara ƙiba.

A ganina babban ci gaban da aka samu cikin waɗannan shekaru ba sabon magani ba ne, ido ne ya waye. Abin da sai da ɗakin bincike aka gane a 2016, yau malamin gona kan nuna shi a bakin kunya. A buɗe zuciyar masarar: in an ga kashi jibge kamar dusar katako, a zaro tsutsar. A goshinta akwai alamar Y a kife, kusa da wutsiya kuma ɗigo huɗu baƙaƙe da suka yi murabba'i. Uwar ta fi wuyar ganewa, domin da dare take fita kuma tana da masu kama da ita. Shi ya sa ake kafa tarko mai ƙamshin mace don kama maza, waɗanda ke da farin tabo a ƙarshen fiffike.

Wanda ya gane tsutsar da wuri yakan murƙushe ƙwan da hannu, ko ya zuba toka ko yashi ko ruwan darbejiya cikin zuciyar, in kuma feshi ne ya yi shi da yamma ko da asuba, lokacin da take fitowa ci. A Janairun 2024 aka amince da irin masarar TELA guda 4 da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ta samar, SAMMAZ 72T zuwa 75T, masu jure wa wannan tsutsa, duk da muhawarar da ake yi kan irin da aka sauya wa halitta.

Sai dai duk wannan dabara tana bukatar a zagaya gona akai-akai tun masara na ƙarama. A ƙananan hukumomin nan uku, inda 'yan bindiga suka hana mutane da dama zuwa gonakin nesa, akwai masarar da ake shukawa ba a sake ganinta sai an yi kasada. Nan babu hunturun da zai kashe tsutsar, kuma masarar noman rani na riƙe ta har damina ta zagayo.