Ƙosai ya ƙetare teku: labarin akarajen Barazil

Yau tarihin namu daga bakin kasko za mu ɗauko shi.

Duk wanda ya taɓa yin sammako a Maraɗi ko Damagaram ya san mai ƙosai: wuta na ci, mai na tafasa, yara sun yi layi da 'yan dalolinsu, wani na jiran na koko, wani na burodi. To wannan ƙosan da muke rainawa, a ƙasar Barazil yana cikin abin da hukuma ta rubuta a kundin gadon ƙasa. Can sunansa akaraje, suna rubuta shi acarajé, kuma cibiyarsa birnin Salbado ne, a jihar Bahiya da ke bakin teku.

Aikin ɗaya ne sak. A jiƙa farin wake mai baƙin ido, a surfe shi a wanke, a markaɗa da albasa, a sa gishiri, a yi ta bugun ƙullun har ya tashi, sannan a dinga sakawa cikin mai. Bambancin a kasko yake: mu da man gujiya muke suya, su da manja, shi ya sa nasu ke fitowa jajir. Kuma nasu ƙato ne, sai a tsaga shi biyu a cusa masa yaji, da wata miyar kuɓewa mai kauri, da wani kwaɓi na burodi da gujiya da madarar kwakwa, a ɗora busasshen jatan lande, wato wata 'yar halittar ruwa. Ni dai a bar ni da yajina, amma ba a nan gizo ke saƙa ba.

Ta yaya wake ya kai can? Shi wake ɗan asalin Afirka ne, har yau Nijar ce ta biyu a duniya wajen nomansa, bayan Najeriya. Jiragen cinikin bayi ne suka ƙetara da shi tare da masu iya sarrafa shi. Barazil kaɗai ta karɓi mutane sama da miliyan 4 da aka kwasa daga nahiyarmu, kuma ba a haramta bauta a can ba sai 13 ga Mayu 1888. Waɗanda aka sauke a Bahiya a ƙarshen zamanin, da yawansu daga tashoshin Wida da Badagiri da Ikko aka loda su. Sunan kansa shaida ne: Yarabawa na ce wa ƙosai akara, "je" kuma a harshensu ci ne. Don haka kada wani ya je ya ce ni na ce Hausawa suka kai shi. Sunan da ya ɗore na Yarabawa ne, a ba kowa haƙƙinsa.

Amma namu ma suna nan a Bahiya, ba kaɗan ba. Yaƙe-yaƙen da suka ɓarke a ƙasar Hausa daga 1804 sun jefa mutane da yawa hannun fatake, aka gangara da su bakin teku. A 1807 hukumar Salbado ta bankaɗo wani shirin bore na bayi Hausawa. A daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, bayi Musulmi da 'yantattu suka fito titi da fararen riguna da layu, mafi yawansu Yarabawa, da Hausawa a cikinsu. An murƙushe su, aka kashe wasu, aka koro wasu zuwa Afirka. Har yanzu akwai wani abinci a Bahiya da ake kira shinkafar Hausa, arroz de hauçá, farar shinkafa ce da soyayyen busasshen nama.

Inda labarin ya fi taɓa ni shi ne wajen mata. A wancan lokacin ubangida kan saki baiwarsa ta fita talla a gari, da sharaɗin ta kawo masa wani adadin kuɗi kullum ko duk mako. Abin da ya yi saura nata ne. Da wannan 'yar rarar, kwabo kan kwabo, shekara da shekaru, wasu suka fanshi kansu, wasu har da 'ya'yansu. Ku duba fa, tire ɗaya a ka, shi ne kuɗin 'yanci. In ka tuna cewa a unguwanninmu ma akwai malamai da likitoci da kaskon uwa ya biya musu makaranta, sai ka ga zancen bai yi nisa da gida ba.

Jikokin waɗannan mata su ne ake kira bayana a yau. Za ka gan su zaune bakin titi da farar riga mai faɗi, da ɗaurin kallabi, da tsakiya a wuya. A addinin gargajiya na Kandombile, akaraje abinci ne da ake miƙa wa wata abar bautarsu mai suna Iyansa, abin da ya sa wasu masu bin sababbin coci-coci suka so sauya masa suna, rigima ta tashi. A 2005 hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar ta rubuta sana'ar a matsayin gadon al'umma, kuma kowace 25 ga Nuwamba ranarsu ce.

Ko hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, sai da ta ɗanɗana. Lokacin shirin gasar cin kofin duniya ta 2014, ƙa'idojinta sun so su hana 'yan talla zama kusa da filin wasa na Salbado. Matan suka yi zanga-zanga, suka tara sa hannun jama'a, maganar ta kai har fadar shugabar ƙasa ta lokacin, Dilma Rousseff. Kafin a buga wasannin share fage na 2013, sai da aka ware musu wuri a harabar filin suka baje tirensu.