Shago da 'Yan Damben Yau: Da Wane Ma'auni Za a Gwada Su?

Daga dandalin Ado Bayero a Kano har gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei, akwai gardamar da ba ta ƙarewa: da za a sa zare tsakanin Shago, ɗan damben zamanin da, da 'yan damben yau irin su Ebola ko Dogo Mai Takwasara, wa zai kashe wani? Matsayin wannan maƙala shi ne tambayar ta cancanci nazari, amma hujjojin da ke hannunmu ba su isa yanke hukunci ba.

An taɓa gwada irin wannan a Amurka. A 1967 Murray Woroner, mai shirya shirye-shiryen rediyo, ya zuba bayanan zakarun boksin ajin masu nauyi su 16 a kwamfuta, ta ba Rocky Marciano kambi. Muhammad Ali, wanda na'urar ta ce Jim Jeffries ya doke shi, sai da ya kai ƙara kotu. Daga baya aka shirya fim ɗin karawar Ali da Marciano, aka nuna shi ranar 20 ga Janairun 1970, Marciano ya yi kisa a turmi na 13, alhali a Turai an nuna wani ƙarshen da Ali ya yi nasara. 'Yan boksin kuwa suna da alƙaluma a rubuce: Marciano ya yi wasa 49 ba a doke shi ba, nauyinsa kusan kilo 85, Tyson Fury na zamaninmu kuma ya haura kilo 120. Duk da haka gardamar tana nan.

Mu namu ya fi wuya. Mafi yawan abin da muka sani game da Shago daga bakin makaɗi Ɗan Anace muka ji shi, har labarin damben da ya yi da Ɗandunawa. Ɗan Anace gwani ne da ba a ja da shi, amma aikin makaɗi zuga ne, kuma makaɗi ba ya tsayawa kan ranar da gwaninsa ya sha ƙasa. Ɗan damben yau kuwa, kafin ya kakkaɓe ƙurar gwiwarsa an ɗora faɗuwarsa a YouTube, yara suna maimaita ta a waya. Saboda haka dattijon da ya ce mazan jiya sun fi, kirari yake gwadawa da hoton bidiyo, kuma duk wanda aka auna da kirari sai ya gaza. Wannan rashin adalci ne ga samarin da ke zubar da jini a fage yau.

Fagen ma ya sauya. Da can dambe wasan kaka ne, mahauta na bin ƙauyuka bayan an kai amfanin gona gida, wasu har da akayau a ƙafa. Yanzu sana'a ce ta kusan kullum, da alƙalin wasa da usur, ana sa mota ko babur tsakanin ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada. A wane fagen za a haɗa Shago da 'yan damben yau, kuma da dokar wa?

Abin da zai kusantar da mu ga amsa shi ne shaidar waɗanda suka ga zamani biyun da idonsu, kuma kullum raguwa suke yi. Ina kira ga sassan nazarin Hausa na Jami'ar Bayero da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su tura ɗalibai ƙasar Sakkwato da Zamfara, su naɗi bayanan waɗannan dattawa tun suna raye.