Amsar Tambaya: Daga Ina Wuri Ya Zo Ƙasar Hausa?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, ya aiko yana tambaya: shin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, haƙo shi ake yi ko ƙera shi?

To malam, ba ko ɗaya. Wuri ɓawon wata 'yar halittar ruwa ce, dangin dodon koɗi. Asalinsa tsibiran Maldibs ne, can cikin Tekun Indiya, ƙananan tsibirai fiye da 1,000, ƙasar kwakwa da kifi da kunkurun ruwa. A da, mutanen wajen kusan nomansa suke yi. Sai su saro ganyen kwakwa su shimfiɗa a ruwa mara zurfi, halittun su zo su manne. In sun taru a jawo ganyen tudu, a zuba su a rami har naman ya ruɓe, a wanke. Shi ke nan, kuɗi ya samu!

Ibn Baɗuɗa ya yi alƙalanci a tsibiran wajen 1343. Ya tarar ana ba da wuri 400,000 a dinari guda. Da ya zo Mali bayan kamar shekara goma, sai ya ga 1,150 ne a dinari. Kai ɗan kasuwa ne, ka yi lissafin ribar da kanka.

Daga baya jiragen Turawa suka riƙa loda shi zuwa Turai, daga nan su kawo gaɓar Afirka ta Yamma, kuma abin takaici, bayi suka fi saye da shi. Fatake ne suka hauro da shi har kasuwanninmu. Bajamushen nan Barth ya iske wuri 2,500 ne canjin dalar azurfa a Kano a 1851. Keso guda kuwa zambar 20 ne.

Abin da ya kashe wuri yawa ne. Daga 1845 'yan kasuwar Jamus suka fara jibgo wani iri mai araha daga Zanzibar. Daraja ta yi ta zubewa, har ya zama in tafiya ta yi nisa, ladan ɗaukar wurin ya cinye shi. Wanda ya tara a rumbu ya ga dukiyarsa tana narkewa ba ɓarawo ba gobara. A 1904 Turawan Ingila suka hana shigo da shi Nijeriya, sannu a hankali anini da kwabo suka maye gurbinsa.